Takardar gwajin Yaya ta ce ER fositif, HER2 2+, me ke nan?

"Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman ƙarin bayani. Yayata ce, shekararta 46, aka ga ƙullutu a nononta na hagu, an ɗebi tsoka an kai lab an ce kansa ce. Yanzu takarda ta biyu ta fito, an rubuta ER fositif kashi 80, PR fositif, HER2 2+, Ki-67 kashi 25. Likitanta ya ce sai an ƙara wani gwaji wai shi FISH kafin a tsara magani, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Mu dai tunda muka ga fositif har biyu hankalinmu ya tashi. Amma kuma maƙwabciyarmu a Tudun Wada nata duk negatif ne aka ce, kuma ko shekara biyu ba ta kai ba Allah ya yi mata rasuwa, to wanne ne mai sauƙin? Sannan wani mai lab ya ce akwai gwajin jini CA 15-3 da ni ma zan yi in ga ko ina da shi, shin gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. In na fahimce ki abu uku kike son sani, me waɗannan haruffa da lambobi suke faɗa game da ciwon Yaya da yadda zai iya tafiya nan gaba, me ya sa za ku sake biyan kuɗin wani gwajin bayan an riga an yi biyu, sannan ko jini zai iya gaya miki ke kanki kina da ciwon ko ba ki da shi. Ni likitan gwajin tsoka ne a nan Zariya, mu ne mutanen da ba kwa gani, muna can ciki da madubi da gilasai muna rubuta irin takardar nan da ke hannunki, don haka daga ɓangarenmu zan yi miki bayani. Sai dai ki riƙe wannan tun yanzu, ban ga Yaya ba kuma ban ga gilashinta ba, likitan kansa da ke duba ta shi ke da maganar ƙarshe a kan magani.

Bari in fara da fositif ɗin da ya tsorata ku. Mun saba a gwajin ciwon hanta ko ƙanjamau in aka ce fositif to an shiga uku, amma a wannan takardar ba haka abin yake ba. Maganar ko kansa ce ko ba kansa ba an riga an gama ta a takardar farko. Ta biyun nan tana faɗa mana ne wace irin kansa ce, kuma da me za a yaƙe ta, kuma ER fositif kashi 80 yana cikin abin da likita yake murna in ya gani.

Sankarar mama ba ciwo ɗaya ba ce

Za ki ga mata biyu, shekarunsu ɗaya, ƙullutun girmansa ɗaya, an yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya ta yi shekara ashirin tana aurar da jikoki ɗayar kuma ciwon ya dawo mata kafin shekara biyu. Da can likitoci girman ƙullutu da kaluluwar hammata kawai suke dubawa, kuma har gobe waɗannan biyun suna da nauyi sosai, amma ba su isa su bayyana wannan bambancin ba. Bambancin yana cikin ƙwayoyin ciwon kansu, a irin furotin da suke ɗauke da shi, wani a can tsakiyar ƙwayar wani a bangonta. Waɗannan furotin su muke kira alamomi. Ki ɗauke shi kamar janareta, in kina so ki kashe shi ba tare da kin fasa shi ba sai kin san abin da yake sha, fetur ne ko gas, sai ki tsayar masa da shi. To ER da PR da HER2 suna gaya mana abin da ciwon yake sha, shi kuma Ki-67 yana gaya mana irin gudun da yake yi.

Yadda muke ganinsu kuwa, tsokar da aka ɗebo a jikin Yaya an jiƙa ta a ruwan fomalin, aka daskarar da ita cikin kaki ta zama ɗan bulok, sai a yanko ta siriri ƙwarai, kamar kashi 4 cikin 1000 na milimita, a shimfiɗa a gilashi. Sai a zuba wani sinadari da furotin guda ɗaya tak yake manne wa, duk inda ya manne wurin ya koma ruwan ƙasa, inda babu kuma ya tsaya shuɗi. Wannan shi ne gwajin da za ki ji ana cewa IHC. In na ɗora gilashin ER irin na Yaya a madubi, abin da zan gani shi ne ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa cike da fili, sai shuɗi jefi-jefi, in ƙiyasta in ce takwas cikin goma sun kama launi, shi ne kashi 80 ɗin da kika gani. Kashi 1 ma kawai ya isa a ce fositif, amma tsakanin 1 da 10 mukan rubuta cewa mai rauni ne, don irin wannan yakan yi hali kamar negatif.

ER da PR

ER wurin karɓar homon ɗin mata ne, istrojin, PR kuma na furojestaron. Ciwon da yake da ER da istrojin ɗin jikin mace yake girma. Tun 1896 wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa in ya cire wa mace ma'ajiyar ƙwanta ciwon nononta yakan ja baya, amma ga wasu kawai, wasu ko gezau, kuma ba wanda ya san dalili sai bayan da Elwood Jensen a Jami'ar Shikago ya gano wannan wurin karɓar a 1958. Waɗanda suka ji sauƙi a hannun Beatson masu ER ne. Yanzu ba sai lallai an cire komai ba, akwai tamoksifen, ƙwaya ɗaya a rana, miligiram 20, wanda yake zuwa ya zauna a wurin karɓar ya hana istrojin zama. Wani kamfani ne a Ingila ya haɗa shi da niyyar maganin hana ɗaukar ciki, bai yi wannan aikin ba, sai ya ɓulle a maganin kansa a shekarun 1970.

Shan shi shekara biyar yana rage dawowar ciwon da kusan rabi a shekarun farko, yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a cikin duk magungunan kansa yana cikin mafi araha, wannan shi ya sa na ce miki fositif ɗin Yaya abin murna ne. Da PR ma fositif, alama ce cewa hanyar homon ɗin tana aiki sosai a ciwon, kuma irin wannan ya fi wanda ER kaɗai gare shi kyakkyawan hali. In Yaya tana al'ada har yanzu tamoksifen za a fi ba ta, wani lokaci a haɗa da allurar goserelin da ake yi a fatar ciki don a kwantar da ma'ajiyar ƙwai. In kuma al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya akwai letrozol ko anastrozol, waɗannan ba sa aiki su kaɗai ga mai al'ada, don haka kada wata ta ce ga wanda aka ba ni ki gwada.

Amma ga inda mutanenmu suke faɗuwa. Ciwo mai ER yana tafiya a hankali, kuma yana da haƙuri, yakan iya laɓewa shekara goma ko sha biyar har ashirin sannan ya ɓullo, galibi a ƙashi, ƙashin baya ko na ƙugu ko haƙarƙari. Sai mace ta sha magani shekara ɗaya ta ga garau take, ga zafin jiki da gumin dare da maganin yake sa ta, ga 'yan'uwa suna cewa ai kin warke me kike ta shan ƙwaya, sai ta ajiye. Dan Allah in an fara ba Yaya ku tsaya mata ta cika shekarun da aka ce, biyar ko goma. Azumi ma ba ya hana shi tunda sau ɗaya ne, a sha da sahur ko bayan buɗa baki. Abin lura kawai, ba a ɗaukar ciki a kansa, kuma in ta ga jini ba lokacinsa ba ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ta koma asibiti ba tare da jiran ranar kilinik ba.

HER2 2+ da dalilin FISH

Shi HER2 a bangon ƙwayar yake, aikinsa karɓar saƙon a girma a rabu. Kowace ƙwayar nono tana da shi daidai gwargwado, amma a wasu ciwukan, kamar 15 zuwa 20 cikin 100, ƙwayar gadon da ke ƙera shi takan ninku ta yi kofi da yawa, sai bangon ya cika maƙil da shi, ciwon ya riƙa girma ba ji ba gani. Dennis Slamon ne a Los Anjeles ya nuna a 1987 cewa masu irin wannan ciwonsu ya fi saurin dawowa kuma sun fi saurin mutuwa. Daga nan aka haɗa maganin da ke kama shi kai tsaye, trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, Amurka ta amince da shi a 1998, kuma zuwa 2005 an tabbatar in aka haɗa shi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da aka fi sawa ta jijiya, bayan aiki yana rage dawowar ciwon da kusan rabi. Wato nau'in da a da yake cikin mafi muni ya koma cikin waɗanda suka fi jin magani, ga wadda ta samu maganin fa.

Mu a madubi maki huɗu muke bayarwa. 0 da 1+ negatif ne. 3+ fositif ne ba gardama, za ki ga ƙwayoyin an zagaye su da layi mai kauri mai duhu. Shi kuwa 2+ layin yana nan amma siriri ne ko bai yi duhu ba, ido ba zai iya rantsuwa a kansa ba, kuma wallahi gara likita ya rubuta 2+ da ya yi miki cinta. FISH ba furotin yake dubawa ba, ƙwayar gadon kanta yake ƙirgawa, kofi nawa ne a kowace ƙwaya idan an gwada da kuromosom na 17, wato ƙunshin gadon da take zaune a cikinsa. Mafi yawan masu 2+ negatif suke fitowa, amma ba duka ba, kuma ba yadda za a yi a san Yaya a wane ɓangare take sai an yi.

Ki auna shi ta fuskar kuɗi ma. Trastuzumab duk sati uku ake yin sa har shekara guda, ana duba zuciya da na'urar eko kafin a fara da kuma bayan 'yan watanni don yakan raunana ta, kuma ko bayan da samfuran wasu kamfanoni suka shigo farashi ya sauka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a 2019, har yanzu magani ne da yake sa a sayar da gona. In aka yi wa Yaya shi alhali negatif ce, an yi asarar dukiya an kuma wahalar da zuciyarta a banza. In kuma fositif ce aka bar shi, an bar maganin da ya fi kowanne amfani gare ta. Kuɗin FISH a gaban waɗannan biyun ƙarami ne. Kuma ba sai an sake yanka ta ko an sake soka mata allura ba, bulok ɗin nan na farko shi za a yanko a tura. Akwai ma wani sabon magani da ya fito a 2022 ga masu 1+ da 2+ da FISH ɗinsu ya zo negatif, amma na ciwon da ya bazu ne kuma tsadarsa ta wuce misali, ba maganar Yaya ba ce yanzu.

Ki-67 ba zan daɗe a kansa ba. Furotin ne da yake bayyana kawai a ƙwayar da ke shirin rabuwa, kashi 25 na nufin ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin ciwon suna kan wannan hanyar. Kashi 5 zuwa ƙasa a hankali ke nan, 30 zuwa sama gudu ne, na Yaya ya faɗo a tsakiya inda ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Gaskiyar magana a cikin huɗun nan shi ne wanda na fi ƙarancin yarda da shi, don gilashi ɗaya in kika ba likitoci biyu wani ya ce 20 wani ya ce 30, ya danganta da kusurwar da kowa ya ƙirga. Likitan kansa zai haɗa shi da girman ƙullutun, da ko ya shiga kaluluwa, da shekarunta, sannan ya yanke ko za a yi kemo kafin a shiga maganin homon.

Maganar maƙwabciyarku

Allah ya jiƙanta. In ER da PR da HER2 duk negatif ne, shi ne wanda ake cewa negatif uku. Ba shi da abin da tamoksifen zai toshe, ba shi da abin da trastuzumab zai kama, kemo ne babban makaminsa tare da aiki da gashin ciwon da na'ura. Yana da sauri, in zai dawo yakan dawo cikin shekara uku zuwa biyar na farko, kuma ya fi son huhu da ƙwaƙwalwa. Amma kada wadda take da shi ta karanta wannan ta yanke ƙauna, yana jin kemo sosai, sau da yawa akan yi kemo kafin aiki a kawo mana nonon mu yi ta yankawa ba mu ga ƙwayar ciwo ko ɗaya ba, kuma wadda ta haye shekara biyar lafiya da wuya ya sake waiwayarta. Ban san a wane mataki maƙwabciyarku ta je asibiti ba, kuma mataki yakan rinjayi duk waɗannan alamomin, mai negatif uku da ta zo da ƙullutu ƙarami ta fi mai ER da ta zo bayan ya fashe ya kama hanta samun dama.

Sai dai akwai abin da nake so duk mai karanta wannan ya sani, don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aikin. Ba duk negatif ɗin da ake rubutawa a ƙasar nan ne negatif na gaskiya ba. A Turai da Amurka bakwai zuwa takwas cikin goma na sankarar mama ER fositif ne. A 2009 ayarin Farfesa Funmi Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, sun buga bincike a kan matan Najeriya da Senegal suka samu kusan ɗaya cikin huɗu kawai. Amma a 2008 wani binciken daga Ibadan, inda aka kula da tsokar tun daga fitowarta, ya samu kusan biyu cikin uku. Yanki ɗaya fa. Gaskiya ne negatif uku ya fi yawa a jininmu, ko a Amurka baƙaƙen mata sun ninka farare a kansa, wannan ba a musu. Amma wani kaso na wannan tazarar ba daga jini yake ba, daga kwalba yake.

Furotin ɗin nan da zarar an raba tsoka da jiki ya fara lalacewa. Ƙa'ida ita ce cikin awa ɗaya ta shiga fomalin mai kashi 10, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma, ta zauna a ciki aƙalla awa 6 kuma kada ta wuce awa 72. Fomalin kuma a hankali yake ratsa nama, kamar milimita ɗaya a awa, don haka in nono ne gaba ɗaya sai an tsattsaga shi tukuna ruwan ya kai ciki. To abin da yake zuwa mana wani lokaci, musamman daga ƙananan wuraren da ake aiki a ƙauyuka, nono guda an cusa shi a ɗan bokitin fenti, ruwan ko rabinsa bai rufe ba, ba a tsaga ba, ya kwana uku a gida ana neman kuɗin mota da na gwaji. In ka yanka, bayan ya yi tauri ya yi toka-toka amma tsakiyar, daidai inda ciwon yake, ta yi laushi ta fara wari. Na ga ƙullutu a kwalbar mayonis cikin ruwan dirif, na ga wanda aka sa a firiji ya daskare don a ganinsu taimako ne. Irin wannan in aka yi masa IHC komai shuɗi zai fito, a rubuta negatif uku, mace ta rasa tamoksifen da zai iya ƙara mata shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan.

Muna da hanyar kama wannan. A gefen ciwon galibi akwai lafiyayyun hanyoyin ruwan nono, kuma su dole wasu ƙwayoyinsu su kama launin ER. In na ga ciwon shuɗi amma lafiyayyun gefe sun yi ruwan ƙasa, to negatif ɗin gaskiya ne. In har su ma shuɗi ne, to gwajin ne bai yi ba, kuma abin da ya kamata a rubuta ke nan, ba negatif ba. Shi ya sa ma na fi son a fara ɗibar tsoka da allura mai kauri kafin babban aiki, 'yan siraran da take fitarwa nan da nan fomalin yake ratsa su, sakamakon ya fi inganci, kuma ana sanin nau'in ciwon tun kafin a taɓa wuƙa, tunda mai HER2 da mai negatif uku sau da yawa kemo ake fara musu. Maganar da ake yi cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya bazu, ba ta da tushe, abin da yake baza shi watannin da ake yi ana shafe-shafe a gida ne. Ku dai ranar da za a yi wa Yaya babban aiki ku tambaya tun kafin a shiga, akwai fomalin isasshe, akwai mazubi babba, wa zai kai lab kuma yaushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita takardar da ke hannunki ba ta da wannan matsalar a ER da PR, tunda lalacewar tsoka negatif na ƙarya take kawowa, ba ta ƙirƙiro kashi 80.

Alamomin ba sa zama wuri ɗaya har abada. In ciwo ya dawo bayan shekaru, a hanta ko a fata ko a kaluluwa, yakan iya zuwa da wani hali daban, mai ER ya rasa shi, ko HER2 ya canza, don maganin da aka sha ya kashe wasu ƙwayoyin ya bar waɗanda suka fi taurin kai. Saboda haka in da hali akan sake ɗibar tsoka a sabon wurin maimakon a dogara da tsohuwar takarda. Akwai wasu furotin da muke amfani da su a irin wannan lokacin, kamar GATA3 da yake taimaka mana mu gane ƙullutun da ke hanta daga nono ya taso, da PD-L1 da ake dubawa ga mai negatif uku da ya bazu kafin a ba ta maganin tayar da garkuwar jiki, amma waɗannan sai in buƙatarsu ta zo.

CA 15-3 da ke kanki

A nan kam zan faɗa miki kai tsaye, kada ki kashe kuɗinki. CA 15-3 ɓurɓushin wani furotin ne mai suna MUC1 da ƙwayoyin ciwon suke zubarwa a jini, yawancin lab suna sa iyakarsa wajen 30. Matsalarsa, a farkon ciwo, lokacin da ake so a kama shi, galibin mata nasu lafiya lau yake fitowa, sai ciwon ya yi yawa ya bazu sannan yake tashi, kuma ko a nan ba ga kowa ba. Ta ɗaya gefen kuma ciwon hanta yana ɗaga shi, kin kuwa san yadda ciwon hanta yake a cikinmu, ƙarancin bitamin B12 ma yana ɗaga shi. Ki ga ke nan zai iya ce miki lafiya kike alhali akwai ƙullutu, ko ya hana ki barci alhali ba komai. Ɗan'uwansa CEA ma haka, ko shan taba yana ɗaga shi. Inda suke da amfani shi ne ga wadda ciwonta ya riga ya bazu tana kan magani, likita ya riƙa bin lambar wata bayan wata tare da hoto da yadda jikinta yake, ya ga tana sauka ko tana hawa, kuma ko nan a makonnin farko na magani takan yi tsalle sama ba don ciwon ya ƙaru ba. Lamba ɗaya tilo ba a canza magani a kanta. Ita Yaya ma, in ciwonta bai bazu ba, ba a ba da shawarar a riƙa bin ta da shi bayan ta gama magani.

Abin da zai amfane ki ke, tunda 'yar'uwarki ta jini ta samu ciwon kafin shekara 50 haɗarinki ya ɗan fi na sauran mata, ki je likita ya duba ki da hannu, in kin kai 40 a yi miki hoton mamogiram, in ba ki kai ba kuma aka ji wani abu sikanin aka fi farawa da shi. Ki zauna da manya ki tambaya, a dangin uwa da na uba duka, ko akwai wadda ta yi ciwon nono ko na ma'ajiyar ƙwai, ko namijin da ya yi na nono, don in sun yi yawa akwai maganar gwajin gado na BRCA1 da BRCA2, shi kuma wani babi ne daban.

Game da kuɗin maganin Yaya, gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi wanda ya ƙunshi ta mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato furostet, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin asibitocin da aka fara shi da su, ku tambaya a sashen kansa ko ofishin jin daɗin marasa lafiya yadda ake cike fom, tun yanzu kafin sakamakon FISH ya dawo. Sannan ki duba saman takardar farko akwai lambar lab, ki rubuta ta a wani wuri ki kuma ɗauki hoton takardun duka a waya, da wannan lambar ake nemo bulok ɗin Yaya a tura shi FISH, kuma da ita za a nemo shi in wata rana wani likitan ya so a sake dubawa.